Shekarar da Muka Ɗaga Motar Baba

Nana da Abdurrahman, wannan babin naku ne. Na san abin da kuke ji a bakin rijiya da hanyar makaranta. Wasu na cewa mahaifinku Lawali ya gudu ya bar uwarsa a kwance, wasu kuma na cewa ni, gwaggonku Saratu, na lalata motar gidanmu da bokona. Yanzu ba ku kai ku karanta wannan ba. Ni ma ban kai shekarun da ake rubuta tarihin rayuwa ba, sai dai wanda ya zauna Sabon Birni a shekarun nan yakan tsufa tun furfura ba ta fito masa ba. Za ni rubuta abin da na gani, in ajiye a akwatina, ranar da kuka girma ku yi hukuncinku.

Motar ta kakanku ce. Doguwa ce mai ƙofa biyar, fara a da, amma tun ina ƙarama ta koma launin toka. Baba ɗan kasuwa ne, yana kai gero da wake kasuwannin Nijar ya dawo da dabino da kanwa, kuma bai bar motar yadda masu ƙera ta suka yi ta ba. Ya cire kujerun baya kaf don buhuna su sami wuri, ya sa aka yi mata kariya ta ƙarfe a sama, ya sauya mata tayu masu faɗi saboda rairayi. Ƙofar baya kuwa makullinta ya mutu tun ban san hagu da dama ba, da igiya ake ɗaure ta. Duk wannan aiki mutum ɗaya ya yi shi, Baba Cindo bakanike, abokin Baba tun suna samari. Da Baba ya rasu, Yaya Lawali ya karɓi sitiyari, aka ci gaba da safara kamar da.

A shekarar da nake ba ku labari, Inna, kakarku, ta zame daga bakin rumbu tana ɗibar dawa. Ba ta karye ba, amma wani abu ya motsa a ƙugunta da gadon bayanta, tun daga ranar tafiya ta zama mata aiki. Likitan da ya san ƙashi yana zuwa asibiti a Isa Laraba bayan Laraba, a yi mata allura a gasa mata ƙugu. Sai motar gero ta zama motar jinya. Muna shimfiɗa katifa inda kujeru suke a da, Inna ta kwanta, ni in zauna in ɗora kanta a cinyata. Damina ta cinye hanyar a shekarar, inda ba rami akwai gargada, ƙafafun motar kuma sun gaji, kowane rami sai ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Inna ba ta taɓa yin kuka ba. Gefen mayafinta take sawa a baki ta cije. Kafin mu isa Isa gefen ya jiƙe, wata rana har ya yage. Na lura ta fi cizonsa daga wata babbar tsamiya zuwa wani karyayyen kwalbati, na ɗauka gajiyar tafiya ce take taruwa mata a nan.

Wannan wurin, tsakanin tsamiya da kwalbati, kowa ya san shi. Daji ya matso bakin hanya, kuma nan ne mutanen daji suka fi tare matafiya. Ba ma ambaton sunansu a gida, "mutanen" kawai muke cewa. Direbobi in sun kai tsamiya sai su yi shiru su taka mota iyakar ƙarfinta. Tamu kuwa injinta ya tsufa, tana hayaƙi, kuma wurin akwai ɗan hawa da rairayi. Daga inda nake zaune ƙeyar Yaya Lawali kawai nake gani. A nan na koyi cewa ƙeya ma tana magana. Zufa takan gangaro masa har cikin wuyan riga, ko da rana ba ta yi zafi ba.

Bayan an yanke gero, wata Lahadi da hantsi, Baba Cindo ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida kusa da ƙofar ɗakin Inna, don su gaisa ta bayan labule. Ya ce ya zo ban kwana ne. 'Ya'yansa sun matsa masa ya koma wurinsu Maraɗi, idanunsa sun fara rauni, garin kuma ba ya zaunuwa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za shi tashi. Amma ya ce ba ya son ya bar motar abokinsa haka, kuma duk wanda ya san irinta a garin ya riga shi tafiya, waɗanda suka rage masu gyaran babur ne. Kwana biyar gare shi, hannu biyu gare shi. Ko ya buɗe inji, ya sauya ringi, ya ɗora mata wata babbar kafireto da ya daɗe yana ɓoyo, ya saita wuta, mota ta sami gudu. Ko ya shiga ƙarƙashi ya gyara ƙafafun motar, ya sauya sifirin da shokozoba, mota ta daina dukan ƙasa. Ɗaya dai, ba biyu ba.

Yaya Lawali bai bari ya rufe baki ba ya ce inji. Ya ce rami ba ya bin mutum a guje. Mahaifiyarku Rabi, tana tsaye bakin madafa da ke Nana a baya, ta goyi bayansa, ta ce ita duk Larabar da suka fita ba ta iya haɗiye ko ruwa sai ta ji ƙarar motar a ƙofar gida. Ni kuma na ce ai ba su ne ke riƙe da kan Inna ba. Na faɗi maganar mayafin. Ban saba ja da Yaya ba, amma ranar na ja. Baba Cindo ya juya wajen labule ya ce uwar gida ita ce da magana, tunda jikinta ne kuma ɗanta ne. Sannan Inna ta ce:

"Ku tambayi Saratu. Ita ad da boko."

Dole in tsaya in gaya muku wani abu game da kakarku, don ku 'yan yanzu ne. Mahaifinku ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Mai motar nan" take cewa, ko "wancan". Ba ta taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba a gaban mutane, ni take aikawa in leƙa kwanonsa in dawo in gaya mata, ta yi kamar ba ta ji ba. Haka aka yi musu tarbiyya, kuma ita ta riƙe abin fiye da sa'o'inta. Na taso ina ganin haka kamar yadda nake ganin bangon gidanmu, ban taɓa tunanin akwai abin da ke bayansa ba.

Bokon da Inna take nufi kuwa, abin dariya ne. Na yi kwalejin horon malamai, ina koyar da Hausa a firamare, kuma ina da littafi mai baƙin bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki, yawancinsu a kan gulbi da hadari. Ban san bambancin fulogi da fistin ba. Amma an ce ni ce, kuma Baba Cindo ya ba ni zuwa washegari da safe. Da yamma na zauna ina shafa wa Inna man zafi a baya, na tambaye ta a hankali wanne take so. Ta ce in ƙara dannawa ta hagu. Na sake tambaya. Ta ce an kuwa ba akuya dusa? Na fita na ga mayafinta a kan igiya, an wanke, gefensa duk huda-huda kamar ɓera ya ci. Na tsaya ina kallonsa har inuwa ta rufe tsakar gida. A raina na ce, ga amsarta nan, kunya ce ta hana ta roƙa wa kanta sauƙi. Har na ji daɗin kaina, wai na iya karanta abin da ba a faɗa ba.

Da safe na ce ƙafafu. Yaya Lawali yana alwala a bakin kwata, bai ɗago ba. Ya gama, ya girgiza butar, ya ce:

"To, malama ta yanke. Allah shi sa waƙa ta iya tura mota."

Kwana huɗu Baba Cindo ya yi a ƙarƙashinta. Ina tasowa daga makaranta in bi ta garejin in kai masa kunu, in tarar da ƙafafunsa kawai a waje. Ya cire tsofaffin sifirin na baya, waɗannan ƙarafa masu lanƙwasa da ake jerawa ɗaya kan ɗaya, ya kawo wasu masu kauri daga wata matacciyar motar ɗaukar kaya, ya ƙara musu ƙarfe bibbiyu, ya yanka tsohuwar taya ya cusa a inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, sannan ya bi maɗauran da walda don kada su motsa har abada. Tsofaffin kuma ya ba maƙera, kamar yadda aka saba, kafin Alhamis sun zama adduna da fartanyu. Yana aiki yana ba ni labarin Baba, yadda suka taɓa kafewa a rairayi kusa da Tsamaye suka wuni suna haƙa da kwanon abinci. Ya ce wannan ne aikin ƙarshe da zai yi a ƙasar nan, kuma zai yi shi yadda ko jikokinmu za su gaji motar. Da aka sauke ta daga jak, sai ta tsaya bayanta a sama, gabanta a ƙasa, kamar raƙumi ya fara tashi bai gama ba.

Akwai yadda ake gwada ƙafafun mota a wurinmu, tun zamanin su Baba. A loda mata buhu goma na gero, a cika ƙwarya da ruwa a ajiye a ciki, a bi da ita ta mummunar hanyar da ke bayan kasuwa. In ruwan bai zube ba, aiki ya yi. Ranar Alhamis aka yi haka. Ni aka ba ƙwaryar, na zauna tsakanin buhuna na ajiye ta a gabana. Yaya ya ja. Muka shiga rami muka fito, muka hau gargada, ruwan yana rawa yana lasar bakin ƙwarya, amma ko ɗigo bai fita ba. Motar tana tafiya kamar kwalekwale. 'Yan kasuwa suka taru suna sa albarka, wani ya ce ko buhu ashirin za ta ɗauka ba ta durƙusa ba. Har Yaya Lawali ya ɗan yi murmushi. A cikin mu duka, da tsohon bakanike, da direba, da mai boko, babu wanda ya ce a sauke buhunan a sake gwadawa. A ƙasarmu ba a tafiya da mota wayam. Wanda ya ga mota ba kaya sai ya tambaya ko lafiya. Shekara da shekaru Baba Cindo yana ɗaga motoci, bai taɓa ɗaga wata don ta ɗauki tsohuwa ɗaya da katifa ba. Juma'a ya tafi.

Laraba muka sauke gero, muka shimfiɗa katifa, aka kamo Inna aka kwantar. Ba mu fita gari ba muka faɗa ramin farko, wani ɗan ƙarami da ko keke ba ya kauce masa. Bayan motar ya yi tsalle kamar an harbe shi, ni da Inna muka tashi sama muka dawo. A ranar na fara jin ihun mahaifiyata. Yaya ya taka birki, ya fito, ya zagaya baya ya danna motar da hannu biyu da dukan nauyinsa. Ko motsi ba ta yi ba. Ya tsaya yana kallonta, sai ya fara dariya, irin dariyar da ba ta da daɗin ji. Ya ce sifirin ɗin na jiran kaya ne, in ba nauyi a kansu sanda ne kawai, amalanke ma ya fi su tausayi. Muka koma gida a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Ba mai iya cire sababbin sifirin, an yi walda, tsofaffin kuma suna gonakin mutane suna noma. Masu gyaran babur suka leƙa suka ce ba su taɓa aikin Baba Cindo.

Dabara ɗaya ta rage. Aka dawo da buhu shida, aka jera biyu-biyu a gefen katifa, biyu a bakin ƙofar baya, Inna a tsakiya. Muka sake fita. Ba za ni ɓoye muku ba, wannan tafiyar ta yi mini daɗi. Motar ta kwanta, ramuka suka zama kamar ana jijjiga jariri, ƙamshin sabon gero ya cika ciki. Inna ta yi barci a kan cinyata, bakinta ba mayafi. Na ji kamar in fito da littafina. Sai da muka kai tsamiya ta buɗe ido. Tsohon injin da ke nishi da mu uku, yanzu ga buhu shida a kansa. Muka shiga hawan nan da rairayin, motar tana kuka tana tafiyar tsohon jaki, har wani mai keke ya jera da mu na ɗan lokaci kafin ya ga abin ba na yi ba ne ya wuce. Na dubi ƙeyar Yaya, na sauke idona. Na dubi Inna, mayafin ya koma bakinta, ga shi kuwa ba ko girgiza ɗaya. Na gani da idona, amma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Haka muka yi ta yi har kusan ƙarshen rani. Yaya bai sake yi mini gori ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai rage magana. Ban san yadda yake kwana a daren Laraba ba, amma da safe nakan ga idanunsa jajir. Yakan ɗauke ki Nana ya daɗe yana riƙe da ke kafin ya shiga mota. Rabi ta daina gaishe ni da fara'a, ban kuma ga laifinta ba. Inna kuwa ta fara samun sauƙi, har tana takawa zuwa bakin zaure da sanda, maƙwabta na cewa Saratu ta yi dabara. Ina karɓar yabon ina jin kamar na ci abin da ba nawa ba.

Ranar da abin ya faru muna dawowa ne daga Isa, bayan la'asar kaɗan, don likita ya makara. Mun wuce kwalbati mun shiga rairayi sai Yaya ya dubi madubi, ya sake duba. Na juya. Ta gilashin baya na hango babura, uku ko huɗu, sun fito daga gefen daji sun hau hanya, kowane da mutum biyu. Suna da nisa, amma nisan yana raguwa. Yaya ya sauke giya ya taka totur har ƙasa. Injin ya yi ƙara kamar zai tsage, hayaƙi ya turnuƙe, motar ba ta ƙara komai ba. Ya ce da ni, muryarsa a sanyaye kamar yana tambayar gishiri, in kwance igiya in tura buhunan. Na dubi Inna. Na san abin da motar za ta yi mata in nauyin ya tafi. Na kama igiyar, amma ban kwance ba. Sai Inna ta cire mayafin daga bakinta.

"Tura su, Saratu."

Sannan ta ɗaga kai daga cinyata, ta dubi gaba, ta yi magana da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Lawali, tahi. Kak ka tsaya don ni, Lawali."

Na kwance igiyar. Na jingina da buhun gefe na sa ƙafafu biyu na tura na bakin ƙofa, ɗaya ya faɗi, na biyu ya bi shi, na uku ban san yadda na yi da shi ba. Motar ta ɗago ta fara tsalle, tsallen ya zazzage wani da kansa. Muka fita daga rairayi muka hau gargada a guje, ƙofar baya tana kaɗawa, ni na kwanta a kan Inna na rungume ta don in rage mata, amma tare muke tashi tare muke faɗuwa. Ba ta yi ihu ba ko sau ɗaya. Da na sake ɗaga kai, baburan sun tsaya wajen buhunan, sun zama ƙanana, sannan hanya ta lanƙwasa. Har yau ba mu san ko su wane ne ba. Daga baya wasu sun ce mutanen wani ƙauye ne kusa da Gangara suna dawowa daga jana'iza, wasu sun ce a'a, mutanen ne. Buhunan dai ba su dawo ba.

A ƙofar gida Yaya ya kashe mota ya zauna, hannunsa ya kasa sakin sitiyari. Ban san ko tsoro ne ko kuwa sunansa da ya ji a bakin Inna ne. Mutum huɗu suka ɗauki Inna a kan katifar aka shigar da ita, kuma daga ranar ba ta sake takawa ba. Da Larabar likita ta zagayo, Yaya ya nemo wasu buhunan ya loda, ya zo bakin labule ya ce a fito da ita. Ta ce ba ta zuwa. Ya roƙe ta, ya durƙusa, ya ce zai bi ayarin motocin safe, zai nemi wanda zai buɗe injin ko daga Sakkwato ne. Ba ta amsa masa ba, ta koma yadda take, ni ta kira. Ta ce in gaya wa mai motar nan, ɗan'uwan Baba da ke Zariya ya daɗe yana neman direba, ya shirya ya tafi cikin satin. In kuwa ya sake ɗora hannu a motar nan don ita, ba ta yafe ba. Yana tsugune yana ji, tazararsu ba ta fi taku uku ba, amma sai da na juya na maimaita masa, don haka aka saba. Ta san muddin yana garin ba zai bar Laraba ta wuce ba. Kun ji gudun da mahaifinku ya yi.

Bayan tafiyarsa da kwanaki, ina juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, na kasa riƙewa na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini ba tun ranar da Baba Cindo ya zo. Na ɗauka za ta sake tambayata dusar akuya, sai ta ce:

"Da wane baki za ni ce a gyara inji don shi, gaban mutane? Ɗan hwari na. Na ce a tambaye ki don na aza boko ya kwance miki abin da ya ɗaure ni. Na aza ke za ki hwaɗi."

Na ce mata ai mayafin na gani. Ta ɗan yi murmushi, ta ce ramuka sun yi nasu, ba ta musu ba, amma ciwon baya ba ya sa ta yaga tufa, ta haifi bakwai ba ta yaga ba. Ta ce in tuna inda take cizonsa. Na tuna, tsakanin tsamiya da kwalbati ne. Na fita bayan ɗaki na zauna kusa da rumbun da ta faɗo, ban yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mini wadda har yau ba ta gama tashi ba.

Inna ta rasu da damina ta biyu, a ɗakinta, da rana tsaka, ana yayyafi. Mahaifinku ya iso bayan an kai ta. Ban ce zaɓina ne ya kashe ta ba, rai na Allah ne, kuma na ga watannin da ta yi tana barci a hanya da waɗanda ta taka da sanda, ba za ni ce ba su da daraja ba. Ban kuma san ko babbar kafireton Baba Cindo da ta tsere wa babura ba. Na daina juya wannan lissafin, ba ya ƙarewa. Abin da na sani, an ba ni kan mahaifiyata a cinya wata da watanni, ina kallon bakinta, ban taɓa bin inda idonta yake kallo ba.

Motar tana nan, kun san ta. Wani maƙwabcinmu ke safara da ita zuwa Nijar, kuma duk wanda ya hau yana yabonta, wai ba a taɓa ɗaga mota kamar ta ba. Gaskiyarsu, in dai an cika ta. Ni in na hango ta a bakin kasuwa, wayam, bayanta a sama, nakan sauya hanya.

In mahaifinku ya zo da Sallah, kada ku tambaye shi me ya sa ya tafi, ba zai kare kansa ba, bai taɓa yi ba. Ku zauna kusa da shi kawai. Mutum ne da uwarsa ta kira sunansa sau biyu a duk rayuwarta, cikin numfashi ɗaya, kuma duka biyun cewa ta yi ya tafi.